Ekran mai nuna hanya a cikin Hilux, wa ya taɓa sawa ya ba mu labari

Alh. Bappa Garwa: Salamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka sani. Hilux ɗina nake so in sa wa irin kwamfutar nan ta cikin mota mai nuna hanya, wadda kuma za ta riƙa yi min karatu da wa'azi, yara in sun shiga su kalli abinsu. Kun san kaka ta matso, ni kuma sayen masara da gyaɗa nake ta wajen Lagdo, Rai-Buba har Cholire, wani lokaci Tuboro, kuma da ka sauka daga gudron, wato kwalta, ka shiga pist, hanyar ƙasa, to reso na waya ya yi sallama da kai. Bara a daji muka kwana ni da yarona saboda mararraba ɗaya da muka ɓata bayan magariba, hanya uku duk kamarsu ɗaya, muka yi ta zagaye har gazuwal ya kusa ƙarewa. To abin yana aiki inda ba reso? Kuma wanne zan saya?

Baba Manu direba: Wa alaikumus salam. Alhaji shekara talatin da wani abu ina bin hanyar nan ban taɓa tambayar gilashi ba. Matambayi ba ya ɓata. Ka tsaya a ruga ka gaishe su ka ce ina hanyar kaza, su nuna ma, har nono su ba ka.

Alh. Bappa Garwa: Baba ranka ya daɗe ai daren nan rugar ma muka nema muka rasa 😂

Nura Ngaundere: Alhaji amsar tambayarka ta farko eh ne, yana aiki. Mutane suna haɗa abu biyu ne, GPS daban intanet daban. GPS daga tauraron ɗan adam yake zuwa, suna can sama kamar kilomita dubu 20, na'urarka saurare kawai take yi, in ta ji guda huɗu ta lissafa inda kake. Ba ruwansa da pus, wato layin waya, ba ruwansa da kiredi. Kuma yanzu ba na Amurka kaɗai ba ne, akwai GLONASS na Rasha, Galileo na Turai, BeiDou na Sin, na'urori da yawa duk suna ji. Abin da ke cin intanet shi ne taswirar kanta, ita kuma tun kana gida za ka sauke ta ta zauna a ciki. Manhajar OsmAnd ko Organic Maps, ka sauke Kamaru gaba ɗaya, in kana tsallakawa ka ƙara Chadi da Najeriya. Shike nan.

Iliya Kusiri: Wato tauraron yana ganin duk inda Alhaji ya je kenan? To Hajiya za ta sayi wannan labarin da tsada

Nura Ngaundere: Ba ya gani yaya Iliya, na'urar karɓa kawai take ba ta aikawa. Sai dai in shi ya sa pus ya buɗe ya ce a bi shi.

Alh. Bappa Garwa: Iliya ka fita idona 😂 Nura ci gaba ƙanena, wanne zan saya

Nura Ngaundere: Ni da nawa ne ƙaramar kwamfuta ta gaske zan sa, irin ƴar akwatin nan marar fanka, a ɓoye ta ƙarƙashin kujera a ja waya zuwa ekran. Ko ƴar mitsitsiyar kwamfutar nan Raspberry Pi in ana son araha. Kai ke da iko da komai, ka zuba fim ɗari biyu, taswira duk wadda kake so, har hoton ƙasa na sama kana iya ajiyewa. Amma kar a sa diski mai juyawa, SSD za a sa, don girgizar pist ɗinmu mai kama da bayan kwano sati biyu ta isa ta kashe mai juyawar.

Sale mai waya (Yelwa): Slm. Na daɗe ina karantawa na yi shiru amma nan dole in sa baki don ni ake kawo wa gawar in ta mutu. Nura maganarka a takarda daidai ce, a mota kuma wani abu ne. Batirin mota sunansa volt 12 ne kawai, in inji na tafiya alternato na kai shi 14 da ɗan wani abu, in ka murza kle demaro ya ja wuta sai ya faɗo 10 ko ƙasa da haka na ɗan lokaci. Kwamfutar tebur ba ta son wannan rawar, sai ta mutu ta sake tashi, kuma in kana kashe mata wuta kai tsaye kullum wata rana ba za ta tashi ba sam. Sai ka sayo mata akwatin daidaita wuta na musamman wanda zai jira ta kashe kanta, shi kuma a kasuwar Garwa ban taɓa ganinsa ba sai an yi oda. Raspberry ɗin ma volt 5 yake ci sai an rage masa. To Alhaji na tsakiyar daji abu ya tsaya, wa zai gyara? Kai kana Ngaundere kana jarabawa.

Nura Ngaundere: Patron ai in an haɗa da kyau ba ya tsayawa

Sale mai waya (Yelwa): Duk wanda ya kawo min aiki haka aka ce masa. Alhaji ka sayi ekran mai Android wanda aka yi don mota, mai shiga ramin rediyo, 2 DIN ake ce masa. An gina shi ya jure rawar wuta, ba batiri a cikinsa da zai kumbura, kuma OsmAnd ɗin da Nura ke faɗa yana hawa kansa lafiya lau. Abu ɗaya, ramin Toyota ya fi na sauran faɗi, santi 20 ne, na gama gari kuma bai kai 18 cikakke ba, to ko ka sayi mai faɗin Toyota ko a sa masa ƴan robobi a gefe, in ba haka ba ƙura ta samu ƙofa.

Hajiya Asta Marwa: Ni tablet muka fara da shi a motar da nake ɗaukar albasa. Mun manna shi a gilashi, watan Afrilu ne, kun dai san Afrilun Marwa, zafi ya haura 40 a inuwa balle bayan gilashi. Kafin azahar sai ya rubuto wai ya yi zafi ya kashe kansa, daidai lokacin da muke buƙatarsa. Bayan wata biyu bayansa ya taso kamar burodi, yaron da ya buɗe ya ce batirin ne ya kumbura, Allah ne ya tsare bai kama wuta ba. Don haka Alhaji in ma tablet ne kar ya kwana a rana kar ya zauna kan sharjo yini guda.

Alh. Bappa Garwa: Subhanallah. Allah ya ƙara tsarewa Hajiya. To tablet ya fita. Sale nawa ne ekran ɗin

Sale mai waya (Yelwa): Kala kala ne Alhaji, daga na sefa dubu 40 har na dubu 150 na sha sawa. Amma araha ba ta ado. Masu arhar nan a kwali za a rubuta RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinsa, giga 4 ko 8, a ciki kuma 1 ne ko 2, har cikin saitin ma ƙarya suke sa ya nuna. Taswira kuma tana son wuri, in ƙaramin ne kana ja da yatsa yana tunani. Kafin ka biya ka sa mai shago ya haɗa shi da batiri a gabanka, ku buɗe taswira ku kunna karatu lokaci ɗaya, ku bar shi minti 20 ka taɓa bayansa ka ji. Ka duba bayan ƙarfe ne mai haƙarƙari ko roba ce. Kuma ka fito da shi rana ka gani ko ana ganin rubutu, wasu a shago kamar talabijin, a rana kuma fuskarka kawai za ka gani.

Abakar Njamena: Salam ƴan uwa na Kamaru. Ni Land Cruiser nake ja, Njamena zuwa Faya, kusan kilomita dubu, ta Masakori da Musoro har mu ratsa yashin Jurab. Abin da zan faɗa ma Alhaji shi ne kar ka ɗauka taswirar ta san daji. Taswirar OsmAnd daga OpenStreetMap take, mutane ne ƴan sa kai suke zanawa, da yawa daga hoton sama, wani ma bai taɓa taka ƙasar ba. Cikin gari tana da kyau, amma a daji za ta nuna ma layi miƙaƙƙe ka je ka tarar tudun yashi ya zauna a kai, don mu nan yashi tafiya yake, inda ka bi bara bana ba nan ba ne. Abin da ya fi min amfani ba hanyar da ta zana ba ne, SAWUNA ne. Akwai wurin da za ka danna ya riƙa rubuta duk inda taya ta taka, ya ajiye shi a fayil, GPX ake ce masa. Ranar farko ka bi da wanda ya san hanya, na'ura na rubutawa, duk rijiya, duk mararraba, duk inda mota ta taɓa nutsewa ka sa alama ka rubuta suna. Ran da iska ta taso ba ka ganin gaban mota ko dare ya yi, sai ka bi zaren ka koma. Wlh sau biyu wannan zaren ya fid da ni.

Baba Manu direba: To kun ji. Ranar farko da wanda ya san hanya. Ashe dai ana nemanmu.

Abakar Njamena: Baba ai ba wanda ya ce a bar ku a gida. Ni har yau ba na shiga Jurab ba jagora, ba na shiga da mota ɗaya. Na'urar ajiya take yi, abin da kuka nuna mana shi take riƙewa.

Baba Manu direba: Ta riƙe wannan ma. Mayo, wato rafi, da ka tsallaka da safe ƙafa ba ta jiƙe ba, in an yi ruwa kan duwatsun Poli ko can sama, da la'asar ya isa ya tafi da kamiyo, kai kuma a inda kake ko ɗigo bai sauka ba. Gilashin zai ce maka miƙe. Haka baƙar lakar karal inda ake dasa masakwa, da rani kamar siminti, ruwa ɗaya ya taɓa ta ko tarakta sai an jawo ta. Wannan ido ne ke gani da hanci, ka ji ƙanshin ruwa, ka ga kalar mayo ta sake.

Hajiya Asta Marwa: Wannan gaskiya ne Baba. Ambaliyar 2022 da ta 2024 ta wajen Yagwa da Maga hanyoyi nawa suka ɓace, mutane suka buɗe sabbi ta cikin gonaki, taswira kuma tana nan da tsoffin.

Nura Ngaundere: To ai shi ya sa ake gyarawa Hajiya, kowa na iya buɗe akawun a OpenStreetMap ya gyara, kyauta ne. In Alhaji da yaya Abakar suka turo min sawunsu ni zan zauna in zana, wata mai zuwa kowa ya sabunta ya gani. Ƙauyukanmu da yawa ko suna ba su da shi a ciki, wasu kuma an rubuta da rubutun Faransanci yadda mai garin ma ba zai gane garinsa ba.

Abakar Njamena: A hankali dai ƙanena. Babbar hanya a zana ba laifi. Amma ba kowane sawu ake bazawa duniya ba, inda mutum ke kwana da kuɗin sayen kaya a jikinsa, ko rijiyar da makiyaya ke ajiye dabbobi, kun san halin da ake ciki da masu tare hanya da masu ɗaukar mutane. Ni nawa hannu da hannu nake ba wanda na sani.

Alh. Bappa Garwa: Wannan magana ta shige ni. Ta wajen Tuboro ba a faɗin ranar tafiya ma balle hanya.

Admin: Jama'a a kiyaye, kar kowa ya turo fayil ɗin sawu cikin gurup, mu fiye da ɗari biyu ne ba duka muka san juna ba. A tura ta gefe.

Abakar Njamena: Kuma abu ɗaya da nake so ya zauna ma Alhaji, GPS ba ya kiran kowa. Zai nuna ma daidai inda ka lalace, har lambobin wurin, amma in ba reso ba wanda ya sani sai kai da Allah. Ruwa, taya biyu, shebur, da faɗa wa na gida in ban iso ƙarfe kaza ba ku biyo ta kaza, waɗannan ba abin da ya maye su. Wayarka ma ka sauke taswirar a ciki, in wutar mota ta mutu ekran ya mutu tare da ita.

Iliya Kusiri: Ni duk ba wannan ba, fim fa? Alhaji ya ce yara za su kalla kun bar maganar

Hajiya Asta Marwa: Yauwa gara da ka tayar. Wannan ne abin da ya haɗa ni faɗa da direbana. Muna kan hanyar Mora, ramuka ko'ina, ga ƴan mashin, na duba sai na ga idonsa rabi a hanya rabi a fim. Na ce ko ka kashe ko ka sauka. Alhaji in yaronka ne zai riƙa ja wlh ka yi tunani.

Sale mai waya (Yelwa): Hajiya laifinmu ne masu haɗawa, in faɗi gaskiya. Akwai waya ɗaya a bayan ekran da ake kai wa birkin hannu, in ba a ja birki ba hoto ba ya fitowa sai murya. Mu kuma sai mu ɗaure ta a mas, wato ƙarfen jikin mota, don mai mota kar ya dawo ya ce abu ba ya yi. Wasu ma a cikin saiti ake buɗewa. In Alhaji ya yarda in kai ta inda aka yi ta domin shi, yara kuma a sa musu ƙaramin ekran a bayan kujera.

Alh. Bappa Garwa: Ka kai ta birkin. Karatu da wa'azi kunne ke ji, kle USB ɗaya ta ishe ni. Na bayan kujera sai bayan kaka in an ga abin da masara ta yi.

Iliya Kusiri: Yara sun faɗi zaɓe 😭

Musa kamiyo: Slm patron Sale ni ma ina so a Mercedes ɗina ta ɗaukar auduga, iri ɗaya ne?

Sale mai waya (Yelwa): A'a Musa tsaya! Taka 24 ce, in ka haɗa kai tsaye hayaƙi za ka gani. Sai da akwatin rage wuta daga 24 zuwa 12. Kuma kar wani ya ce ma a ja daga batiri ɗaya cikin biyun, yana yi amma ɗayan zai riƙa ramewa ɗayan na ƙoshi, wata kaɗan ka sayi biyu. Masu tsoffin Land Cruiser ma ku duba, akwai masu 24 a cikinsu. Tunda an zo nan bari in faɗi na kowa, don wasu gida suke haɗawa. Rawaya ita ce ta batiri kai tsaye, ita ke riƙe agogo da saiti, dole fizibul, wato fiyus, a kanta kusa da batiri ba can kusa da ekran ba, don in waya ta goge a ƙarfe a tsakiya fizibul na nesa ba abin da zai hana. Ja ta kontak ce, ita ke ce masa tashi ko kwanta. Baƙa mas, a kankare fenti a ɗaure da noti. Masu gaggawa sai su murɗe rawaya da ja wuri ɗaya, ekran ba ya barci kenan, mota ta kwana biyu ba a tayar ba da safe sai turi. Kuma murɗa waya da hannu a naɗe da salatif a pist ba ya kai wata, a yi dalma ko a matse da kos, ƴan ƙarafan nan na bakin waya. Eriyar GPS kuma ƴar baƙar akwatin nan, sama take son gani, roba da gilashi ba sa tare ta amma ƙarfe na tarewa.

Alh. Bappa Garwa: Sale kawai gobe bayan azahar ina zuwa Yelwa, mu je kasuwa tare ka zaɓa da hannunka.

Alh. Bappa Garwa: Jama'a na dawo da labari, kwana shida kenan da sawa. Ranar farko ya ƙi ganin inda muke, yana nuna mu a tsakiyar kogin Binuwai, Nura ya ce in fito fili in bar shi kamar kwata don karon farko ba intanet yakan jima yana neman taurarin, na bari bai yi ba, ashe yaron Sale ne ya tura eriyar can ƙarƙashin ƙarfen tablo don wai kar ta ɓata kwalliya. Da aka fito da ita gindin gilashi nan take ya kama. Jiya na je ta bayan Lagdo na ɗauki wani dattijo ɗan wurin a gaba, na kunna rubuta sawu kamar yadda Abakar ya ce, alama goma sha ɗaya na sa, har mararrabar da ta kwanar da mu bara, na rubuta mata suna Kwanan Dole. A taswirar hanya ɗaya ce a wurin, a ƙasa uku. Dawowa da dare na bi zaren tiryan tiryan har gudron. Abin da ya rage, in na kashe mota na tayar da sauri wani lokaci ekran ɗin sai ya ɗauke ya sake tashi, sawun ya yanke biyu.

Nura Ngaundere: Sawun ana haɗe shi Alhaji, turo min ta gefe. Kuma duk sati ka kwafe su a kle ko a waya kar su zauna wuri ɗaya.

Baba Manu direba: Dattijon da ka ɗauka ka sallame shi da kyau dai ko?

Alh. Bappa Garwa: Da goro da kuɗin mashin na komawa Baba, har ya ce in zo da damina ya nuna min ta tudu.

Sale mai waya (Yelwa): Ɗaukewar nan batirinka ne ya fara gajiya Alhaji, na auna shi ranar na gaya ma kai ka ce zai kai kaka. Ka biyo in sake aunawa lokacin da demaro ke ja, in kawunan ne suka yi gishiri mu wanke mu gani. Kuma don Allah ka duba ƙarƙashin kujerar yaronka, kle 10 ɗina na kwance noti tun ranar nake nema.